Majalisar Arewa da Kuɗin Talaka, 1947 zuwa 1966

Majalisar dokoki ta Jihar Arewa, wadda ta fara zama a Kaduna a shekarar 1947 kuma ta watse da juyin mulkin soja na 15 ga Janairu, 1966, ba ta cika shekara ashirin ba, amma a cikin wannan ɗan lokaci al'amura huɗu sun riƙa komowa gabanta kusan duk sa'ad da aka zauna duba kasafin kuɗi: harajin da ake karɓa daga hannun talaka, makarantun da za a gina wa 'ya'yansa, dazuzzukan da ake killacewa a hana shi shiga, da kuma albashin waɗanda ke mulkinsa. Mai karanta tarihin majalisar yana iya ɗaukar su a matsayin batutuwa dabam-dabam, alhali tushensu ɗaya ne, domin dukkansu sun rataya ne a kan baitulmalin En'e, wato asusun hukumar gargajiya da sarki ke shugabanta, kuma mafi yawan waɗanda suka zauna a majalisar ma'aikatan wannan hukuma ne da ke cin abinci daga asusun nan. Saboda haka duk muhawarar da aka yi a kan kuɗi a zauren majalisar na Lugard Hall, a ƙarƙashinta akwai tambayar wane ne ke da iko da gumin manomi, sarki a fadarsa ko gwamnati a Kaduna.

Kafin zuwan Turawa ƙasashen Daular Usmaniyya suna da kuɗaɗen shiga iri-iri. Akwai zakka ta hatsi, akwai kuɗin ƙasa da magidanta ke biya, akwai kuɗin rafi a kan noman rani, da kuɗin karofi a kan marina, da jangali a kan shanu, ban da gaisuwa da masu sarauta ke kai wa na gaba da su. Dokar kuɗin shiga da Gwamna Lugga ya kafa a 1906 ta nemi tattara yawancin waɗannan su zama haraji guda, wanda sarki zai tara ta hannun hakimai da dagatai, sa'an nan a raba shi tsakanin gwamnatin Turawa da masarauta. Canjin da ya fi wannan zurfi shi ne kafa baitulmali, wanda Razdan Palmer ya gwada a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma ya bazu zuwa sauran manyan masarautu daga wajajen 1911. Daga lokacin nan rabon masarauta ya daina shiga aljihun sarki kai tsaye, sai ya koma asusu mai littafi da ma'aji, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, abin da ya ragu kuma aka riƙa yin hanyoyi da rijiyoyi da gidajen yari da makarantu da shi. Tun daga ranar farko, ke nan, albashi ne ke fara cin rabonsa, makaranta kuwa sai ta jira saura.

Yadda ake tara harajin ya cancanci a dube shi kusa-kusa, domin a nan ne talaka ya san hukuma. Malamin haraji yakan zauna da dagaci da masu unguwanni a rubuta sunan kowane baligi namiji, a yanka wa gari jimlar abin da zai biya, dagaci kuma ya rarraba nauyin a kan gidaje gwargwadon abin da yake ganin ƙarfin kowa. A wasu gundumomin Kano an yi amfani da tsarin taki, inda malamai ke auna gona da takun ƙafa a sa mata kuɗi bisa faɗinta. Lokacin biya yakan faɗo da kaka, daidai sa'ad da hatsi ya fi arha a kasuwa, kuma da yake da tsabar kuɗi ake biya, manomi yakan sayar da gyaɗarsa ko audugarsa, in babu kuwa ya taɓa rumbu, ko ya tafi cin rani don ya samo. Wanda ya biya sai a ba shi 'yar takardar shaida wadda yake adanawa a aljihu ko a cikin hula, saboda ɗan doka na iya tare shi a kasuwa ko a bakin hanya ya nema. Jangali kuwa da damina ake bin sa, ana ƙidaya shanu kai-da-kai a ruga, abin da ya sa makiyaya suka ƙware wajen raba garke, ko kutsawa cikin daji, ko tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulka har lokacin ƙidaya ya wuce.

A kan wannan tsari ne aka ɗora majalisar. Tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a farkon 1947, ya ba Arewa majalisu biyu, ta sarakuna da ta wakilai. A ta wakilai kusan rabin kujeru na jami'an Turawa ne, sauran kuma yawancinsu hukumomin En'e ne suka zaɓo su daga cikin 'yan majalisunsu da manyan ma'aikatansu, kamar Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauchi da Aliyu Makaman Bida, sai Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da ya shigo a 1949 bayan rasuwar Wazirin Sakkwato Abbas. Majalisar a wannan mataki ba ta da ikon yin doka, iyakarta ta duba ƙiyasin kuɗin jiha da daftarin dokoki ta ba da shawara. Ana magana a cikinta da Hausa da Ingilishi, tafinta na juyawa, wanda ya ba dattawan da ba su yi boko mai zurfi ba damar faɗin albarkacin bakinsu. Sai dai matsayin wakilan yana da wuya ƙwarai, domin mutumin da zai tashi ya soki yadda ake kashe kuɗin baitulmali, idan aka tashi daga zama gida zai koma ya durƙusa gaban sarkin da ke riƙe da aikinsa da albashinsa.

Wannan ne ya sa ƙudurin da Tafawa Ɓalewa ya gabatar ranar 19 ga Agusta, 1950 ya zama abin da ba a manta ba. Ya nemi a kafa hukuma mai zaman kanta ta binciki tsarin En'e baki ɗaya, ya soki ba sarki shi kaɗai ikon hukuma ba tare da wajabcin bin shawarar majalisarsa ba, ya yi magana a fili kan cin hanci da rashawa, ya kuma nuna cewa talakan da ke biyan haraji ba shi da wata kafa ta sanin inda kuɗinsa ke tafiya. Ƙudurin ya wuce da ƙuri'a ɗaya tak. Gwamnati ba ta kafa hukumar da ya nema ba, sai ta sa jami'anta biyu, Maddocks da Pott, suka yi nazari, daga nan aka soke matsayin sarki mai iko shi kaɗai a 1952, aka mayar da shi sarki a cikin majalisa, sa'an nan Dokar En'e ta 1954 ta tattara gyare-gyaren wuri ɗaya, ta buɗe ƙofar majalisun gunduma da na ƙauye. Gyaran bai kai inda masu neman sauyi suka so ba, tun da hakimi da dagaci da ɗan doka da alƙali duk sun ci gaba da zama a hannun fada, amma ya kafa ƙa'idar cewa Kaduna na da hurumin tambayar En'e lissafi.

A daidai wannan lokaci ana wata jayayyar a sama, wato yadda za a raba kuɗin Najeriya tsakanin jihohi uku. A babban taron Ibadan na Janairu 1950 wakilan Arewa sun dage a ba su rabin kujerun majalisar tsakiya, a kuma raba kuɗi bisa yawan jama'a, suna kafa hujja da cewa mutanen Arewa sun daɗe suna biyan haraji kai tsaye alhali an fi zuba ayyukan raya ƙasa a Kudu. Hukumomin rabon kuɗi da suka biyo baya, ta Hicks da Phillipson a 1951, ta Chick a 1953, da ta Raisman a 1958, kowace ta auna wannan buƙata da ta masu cewa a mayar wa kowace jiha abin da aka samo daga ƙasarta. Tsarin mulkin Gwamna Macpherson na 1951 ya ba majalisar Arewa ikon yin doka da zaɓaɓɓun wakilai 90, ko da yake zaɓen hawa-hawa ne wanda En'e ke da damar cusa mutanenta a matakin ƙarshe, sa'an nan tsarin tarayya na 1954 ya sa ilimi da gandun daji da aikin gwamnati suka zama na jiha, Sardauna ya zama Firimiya. Wani abu da bai samu muhawarar da ta dace da girmansa ba shi ne hukumar sayen amfanin gona, wadda ta koma hannun jiha a 1954. Ita ke yanka farashin gyaɗa da auduga a ƙasa da abin da ake samu a kasuwar duniya, ta riƙe rarar da sunan tanadi don shekarar faɗuwar farashi, amma a aikace da rarar aka yi ayyukan raya jiha masu yawa. Haraji ne na biyu a kan manomi ɗaya, wanda ba a ba shi takardar shaidarsa, kuma dalar gyaɗa ta Kano da ake alfahari da ita a lokacin tana tsaye ne a kan wannan ragi.

Batun ilimi shi ne ya fi tayar wa wakilai hankali, kuma da dalili. Makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa ita ce wadda Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, Kwalejin Katsina kuma, inda yawancin shugabannin majalisar suka yi karatu, an yi bikin buɗe ta a 1922. Duk da haka a 1947 ɗaliban sakandare a faɗin Arewa ba su kai 300 ba, kuma a 1957 'yan firamare kimanin 185,000 ne, yayin da na Kudu suka haura miliyan 2, alhali ƙidayar 1952 ta ba Arewa mutum sama da miliyan 16. Makarantun elemantare da na midil a masarautu na En'e ne, ita ke gina su ta biya malamai da taimakon gudummawar gwamnati, makarantun mishan kuwa sun fi yawa a Kabba da Binuwai da Filato da kudancin Zariya, abin da ya haifar da tazara a cikin Arewa ita kanta. Da Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta a Janairu 1955, Gabas kuma ta bi a 1957, tambayar da ta fuskanci ma'aikatar ilimi, wadda Makaman Bida ya fara riƙewa a 1952 kuma Isa Kaita ya daɗe a kanta daga baya, ita ce ko Arewa za ta bi sahu.

Gwamnatin Sardauna ta zaɓi tafiya sannu, hujjarta kuwa ita ce babu isassun malamai, kuma buɗe azuzuwa ba tare da mai koyarwa ba ɓarnar kuɗi ne. Sai ta ba da ƙarfi ga kwalejojin horar da malamai da makarantun sakandare na larduna, da Yaƙi da Jahilci wanda ya koya wa manya karatu da rubutu da Hausa da wasu harsuna, da hukumar wallafa littattafai ta NORLA a Zariya, har aka kai ga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A wannan shekara ce kuma, bayan rahoton Oldman kan ilimi, aka yi dokar ilimi da ta kafa hukumomin ilimi na yanki don haɗa hannun gwamnati da En'e da masu makarantu masu zaman kansu. Hujjar ƙarancin malamai gaskiya ce, kuma wahalar da Jihar Gabas ta sha har ta mayar da kuɗin makaranta ta nuna cewa tsoron ba na banza ba ne. Amma akwai gefen da ba a cika faɗa ba: muddin gina elemantare ya dogara da abin da ya ragu a baitulmali bayan an biya masu sarauta, to masarauta mai arziki za ta yi gaba, matalauciya ta tsaya, kuma 'ya'ya mata, waɗanda aka fara buɗe musu makarantu a Kano da Katsina tun 1930, su ne suka fi cutuwa. Makarantun allo, inda mafi yawan yaran Musulmi suke, kusan ba su da gurbi a kasafin, al'umma ce ta ci gaba da ɗaukar nauyinsu da sadaka da kuɗin Laraba.

Gandun daji shi ne yankin da hukuma ta shata wa iyaka ta hana noma da sara da farauta a cikinsa sai da izini. Dokokinsa sun faro tun farkon mulkin mallaka, aka sabunta su a 1916 da 1937, kuma a Arewa yawancin gandayen En'e ce ta kafa su da sunanta, ita ke ɗaukar masu gadi, ita ke karɓar kuɗin lasin. A shekarun 1930 wani masanin daji, Stebbing, ya yi kururuwar cewa hamada na gangarowa kudu, abin da ya sa Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa ya bi bakin iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga alamar cewa yashi na cinye ƙasa gadan-gadan ba, amma ya ga lalacewar da share daji da ƙone shi ke jawowa, kuma wannan ya ƙarfafa masu neman a ƙara killacewa, da dasa itatuwa irin su dogon yaro da ya cika titunan biranen Arewa. A wurin manomi kuwa gandun daji yana nufin tarin duwatsu da aka jera da layin da aka share a gefen gonarsa, wanda bayansa ba shi da ikon yin sabon saura ko da iyalinsa sun ƙaru, kuma yana nufin malamin daji da zai iya kama shi don ya sare reshen ɗorawa ko kaɗanya ko maɗaci a gonar da ya gada. Ƙorafi a kan masu gadin daji da ke karɓar na goro ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU suka fi jan hankalin mutanen karkara da su.

Wakilai sun tsinci kansu tsakanin shawarar masana da kukan mazaɓu, kuma dokokin da majalisar ta bari sun nuna cewa ta ɗauki al'amarin da muhimmanci. An keɓe dajin Yankari don namun daji a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, aka yi dokar mallakar ƙasa a 1962, da ta kare namun daji a 1963, da ta keɓe makiyaya a 1965. Wannan ta ƙarshe tana da alaƙa ta kai tsaye da jangali, domin makiyayi ya shekara da shekaru yana biyan kuɗin da ake gina ofisoshi da shi ba tare da an tanadar masa burtali ko mashaya ko wurin kiwo mai tabbas ba. Dokar ta zo a makare, watanni kaɗan kafin a rushe majalisar, kuma abin da aka keɓe a ƙarƙashinta bai taɓa kusantar buƙata ba. Wanda ya dubi halin da dazuzzukan Rugu da Kamuku da Falgore da Sambisa suka shiga a zamanin nan, bayan mai gadi ya janye kuma ba a bai wa maƙwabtan dajin wani rabo da zai sa su kare shi ba, zai gane girman abin da aka bari ba a kammala ba.

Albashi ya kasance batu mai ƙaiƙayi tun kafin a kafa majalisar. An ruwaito cewa tambayar da Malam Aminu Kano ya yi a taron tattaunawa na Bauchi a tsakiyar shekarun 1940, kan abin da ake dubawa wajen yanka wa sarki albashi, tana cikin dalilan rufe taron. A lokacin manyan sarakuna suna karɓar dubban fam a shekara, malamin elemantare da malamin asibiti da leburan En'e kuwa suna fama da abin da bai kai ya kawo ba, kuma ma'aikacin En'e yana ƙasa da takwaransa na gwamnati ko da aikinsu iri ɗaya ne, wanda yana cikin abin da ya sa aka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Kowane ƙarin albashi da aka yi a ƙasa, daga wanda ya biyo yajin aikin gama-gari na 1945 zuwa na kwamitin Gorsuch a 1955 da na kwamitin Morgan da ya haddasa yajin aikin 1964, yakan sauko kan baitulmali, baitulmali kuwa ba shi da wata babbar hanya ta cike giɓi sai ƙara haraji. Manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa ta ƙara nauyin, domin sai da aka kashe kuɗi wajen horar da matasa a Makarantar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya da ƙasashen waje, aka biya Turawan da suka ajiye aiki diyya, aka kuma ɗauki wasu a kan kwantaragi mai tsada don kada guraben su tafi hannun 'yan Kudu.

Inda ƙarfin Kaduna a kan baitulmali ya bayyana ƙarara shi ne Kano, wadda ta fi kowace En'e arziki. Da asusunta ya shiga matsala har biyan albashi ya yi wuya, gwamnati ta naɗa wani jami'inta, Muffett, ya binciki harkokin kuɗinta a 1962, kuma sakamakon binciken ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963 da komawarsa Azare. Masana sun daɗe suna saɓani kan yawan siyasar da ke cikin lamarin, amma ba a saɓa ba cewa abin da Tafawa Ɓalewa ya nema da lallami a 1950 ya zama iko na gaske a hannun minista cikin shekara goma sha uku. Sai dai ikon ya tashi ne daga fada ya koma ofishin Firimiya, bai sauka hannun mai biyan haraji ba. Jam'iyyar NPC mai mulki ta mamaye kusan dukkan kujeru 170 a zaɓen 1961, 'yan hamayya irin su Ibrahim Imam sun kasance 'yan ƙalilan, mata ba su da ƙuri'a, kuma zargin cewa ana tsawwala wa 'yan adawa haraji ta hannun dagatai ya yi yawa, har ya shiga cikin musabbabin tarzomar ƙasar Tibi a 1960 da 1964.

Bayan 1966 sojoji suka raba Arewa jihohi shida a 1967, suka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kawo ƙarshenta a matsayin hukumar mulki, a shekarar da aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a ƙasa baki ɗaya da kuɗin man fetur. A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, suka cika alkawarin da NEPU ta ɗauka shekaru kusan talatin da suka gabata, talakawa kuma suka karɓi matakin da murna mai yawa saboda wulaƙancin da suka sha a hannun masu tarawa. Majalisar Jihar Kaduna, wadda ta gaji zauren Lugard Hall kuma 'yan jam'iyyar NPN suka fi yawa a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa, ta tsige shi a watan Yuni na 1981. Ƙananan hukumomi kuwa, da suka rasa babbar hanyar kuɗin da suke tarawa da kansu, sai suka koma dogaro da kason tarayya, kuma da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 malaman firamare a jihohi da dama suka yi watanni ba a biya su ba, har gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da ilimin firamare ta ƙasa a 1988 don ta ɗauki wani kaso na albashinsu.